Agogon da Ya Makara da Minti Biyu

"Mai gyara mana agogo ne kawai."

Ni na faɗa. Da bakina, a falon Yayana, a gaban mutumin da na yi wa alkawarin aure.

Shekara biyu muna tare. Ni malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, shi kuma yana da ɗan teburin gyaran agogo a bakin titinmu. Wata rana na ba shi labarin darasin da na koyar, cewa duk abin da ke gudu lokaci na tafiyar masa a hankali, har agogon matafiyi ya koma bayan na mazauni. Na manta ban ce masa sai gudun ya doshi na haske ake ganin bambancin ba.

Ashe bawan Allah ya riƙe maganar. Ya saita agogo biyu daidai, ya ba wani direban doguwar tafiya ɗaya, ya kulle ɗaya a tebur. Har kwana arba'in.

Dakta, abokin Yaya da ya daɗe yana nemana, shi ya tsinci labarin, ya jawo masoyin nawa har falo da sunan a zo a ƙaru.

Bawan Allah ya shigo da fara'arsa, agogo biyu a tafin hannu.

"Malama, maganarki ta tabbata. Na motar ya makara da minti biyu."

Dakta ya yi dariya har da riƙe ciki.

"A mota? Ko shekara dubu direban nan zai yi yana gudu, agogonka ba zai nuna komai ba."

Yaya ya harare ni.

"Wannan ne wanda kike ta min naci a kansa?"

A nan na faɗi abin da na faɗa.

Masoyin nawa ya mayar da agogunan aljihu, ya yi sallama ya fita.

Kwana uku ina zagayewa ta bayan layi don kada in wuce teburinsa. Wallahi ko madubi kunyar kallo nake. A na huɗu na tsaya a gabansa.

Bai ɗago ba, gilashin aiki na manne a idonsa.

"Na buɗe agogon motar, Malama. Jijjigar mota ce ta taɓa wani ɗan ƙarfe. Ki yi haƙuri, na ba ki kunya."

"Ni ce abin kunyar... Ɗalibai sittin na koya wa darasin nan, rubutawa kawai suka yi. Kai kaɗai ka ɗauki maganata da daraja har ka gwada. Masoyina, ka yafe min."

Ya cire gilashin.

"Dariyarsu ba ta dame ni ba. 'Kawai' ɗin nan ce."

Na ɗauki agogon da ya makara na ɗaura, na ce ya rufe teburin ya biyo ni. Muka tarar da Yaya da Dakta a falon.

"Yaya, ranar nan ƙarya na yi. Wannan shi zan aura."

An kai ruwa rana, sai da Umma ta sa baki, amma an ɗaura.

Har yau agogon na hannuna, minti biyu a baya. Kullum sai ya ce in kawo ya gyara, aikin ɗan lokaci ne.

Ban taɓa ba shi ba.