Sunan Da Ya Ƙi Goguwa

"Wa ke dawo da sunan mamacin nan?"

Manaja ne ya jefa wa mijinta, injiniyan ofishin, tambayar, tana tsaye bakin ƙofa da kular abinci, kai a sunkuye. Ya ce in gobe ya sake ganin sunan, injiniya ya tattara komatsansa.

Ta san zancen, don kullum da mitarsa mijin ke shiga gida. Ofishin na da tsarin imel biyu, tsoho da sabo. Duk magariba tsohuwar na'ura ke kwafe sunayen ma'aikata ta zuba wa sabuwar, don kowane saƙo ya sami mai shi. Mai kula da tsohuwar ya rasu jim kaɗan bayan an sallame shi an ɗauki mijinta. A goge sunansa da safe, da yamma ya dawo.

Mijin ya karɓi kular, ko sannu babu. "Zauna nan. Kar ki taɓa komai, ba tukunya ba ce." Ya fita alwala.

Ɗakin sanyi ƙalau. Na'urori na gurnani. Sai ga ƙaurin roba, da warin man zafi irin na tsofaffi.

Allon kwamfuta ya farka da kansa, sunaye suka fara gangarowa. Karatunta ba sauri, amma sunan mijinta ko a duhu ta san shi. Ta ga haruffansa na zubewa ɗaya bayan ɗaya, na mamacin na hawa gurbinsu.

Kujerar da ba kowa a kanta ta juyo.

"Gurbi ɗaya ne," aka raɗa mata a ƙeya. "Ni in koma nasa, shi ya koma nawa."

A waje buta ta faɗi. Mijin na kakari.

Sunan mijin ya kusa ƙarewa.

Ta cafki shuɗin kebul ɗin da ya haɗa na'urorin biyu, ta fizge. Wani abu mai sanyi ya damƙe wuyan hannunta. Ta bar masa awarwaro, ta yi waje.

Ta tarar da mijin durƙushe, yana mayar da numfashi. Da ya ga ɓarnar, ya wanke ta tas, wai saƙonnin rabin ofis sun maƙale a hanya.

Sunan mamacin bai sake dawowa ba, manaja har yabo ya yi wa mijin. Amma duk magariba shatin yatsu biyar kan taso a hannunta, wayarta ta yi ƙara: saƙo ba rubutu, daga adireshin da aka goge.

Takan ja mayafi ta rufe hannun. Ta ƙudurta ko uwar da ta haife ta ba za ta ji ba.