Wa Ya Bar Famfo a Buɗe?

"Shafi na ɗari biyu da sha ɗaya," in ji Auta. Ta ajiye littafin a kan tebur, kusa da kofunan shayin da ba a wanke ba. "Buɗe."

Dogo bai buɗe ba. Shi ya rubuta littafin, ya san abin da ke wurin.

Suna cikin ɗan ɗakin da ke bayan zauren taro, inda ake zaunar da marubuta kafin a kira su. Minti goma ya rage. Ta bango ana jin jama'a suna jan kujeru, wani yana gwada lasifika.

"Masoyiyata, tsaya ki ji..."

"Ba ni na gani ba. Yaya ne. Mutumin da ko takardar magani ba ya karantawa, ya ce bari ya ga wane irin mutum zai ba ƙanwarsa. Jiya ya shigo da shi, ya naɗe shafin."

"Me ya ce?"

"Ya ce wanda ya zo jinya da biro a aljihu ba zai auri 'yar gidanmu ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi ihu ma da ya fi masa sauƙi. Wata goma sha ɗaya ke nan Auta tana magana kamar mai karanta sanarwa.

Su biyun sana'arsu ɗaya: labaran kisa da bincike, irin waɗanda ke sa mutum ya wuce tasharsa a mota. Ita littafi uku ta fitar. Shi wannan ne na biyar, kuma shi ne ya fashe, har an sake buga shi sau huɗu. Ba ta karanta ba. Tun ranar da Inna ta rasu ba ta karanta komai ba, ba ta rubuta komai ba, ba ta kuma yi kuka ba.

A asibiti ne, da la'asar. Baba ya fita kiran nas. Daga ita sai Yaya sai Dogo a ɗakin. Inna ta buɗe ido, ta karkata kai kamar mai saurare, ta ce, "Wa ya bar famfo a buɗe?" Babu famfo a ɗakin. Ba ta sake cewa komai ba. Da Baba ya dawo ya tambaya, Yaya ya ce masa addu'a take yi har ta cika. A kan haka suka bar shi.

Yanzu ga maganar a bakin wata tsohuwa da aka kashe a littafi. Daga ita ɗan sanda ya gane cewa akwai wani a cikin gidan. Duk wanda ya karanta, wurin yake yabo.

"Wallahi ban yi da nufin cin fuska ba," in ji Dogo. "Na rubuta ne don kada ta ɓace. Da na zo babin, duk abin da na sa a bakin matar sai ya fito ƙarya. Wannan kaɗai ya zauna."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Ya yi kyau a wurin. Na duba."

Ya kama bayan kujera. "Zuciyata, ki zage ni mana! Ki ce wani abu!"

"Za su tambaye ka a kai."

"Me zan ce?"

"Ka ce ƙirƙira ka yi. Ai sana'arka ce."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Su uku ne a kan dandamali. Ta ukun wata dattijuwa ce mai littafi talatin, wadda ta kashe mutane a takarda fiye da yadda za ta iya ƙirgawa. Mai gabatarwa ya fara da ita.

"Hajiya, daga ina kike farawa?"

"Daga mai kisan. Sai na san me yake ci da safe, sannan in nemo masa wanda zai kashe." Ta gyara tabarau. "Mijina shekara ashirin ba ya shan shayin da na haɗa. Ya ce na san abubuwa da yawa."

Zaure ya ɗauki dariya. Auta ta ga bakuna a buɗe, ta ga wata mata a layin gaba tana fifita da littafin Dogo.

"Kuma kada ka ɓoye wa mai karatu komai," in ji dattijuwar. "Ka ajiye masa shaida a gabansa, tsakiyar tebur, sannan ka sa wani ya fasa kofi a bayansa. Zai waiwaya. Shi ke nan ka wuce da shi."

Aka zo kan Auta. Yaushe sabon littafi? Ta ce tana aiki a kai. Ƙarya ce, kuma ta fito sumul.

"To, kai kuma," mai gabatarwa ya juya wajen Dogo yana murza hannu. "Maganar famfon nan! Ni dai da na karanta sai da na tashi na duba banɗakina. Daga ina ka samo ta?"

Dogo ya kalli Auta. Ita kuma tana kallon robar ruwan da ke gabanta.

"Daga kaina," ya ce. "Haka kawai ta zo min."

Tafi ya tashi. Dattijuwar ba ta tafa ba. Ta leƙo shi ta saman tabarau, ta ce, "Ɗana, irin wannan ba ta zuwa haka kawai. Amma ba komai, dukanmu ɓarayi ne."

Aka sake dariya.

Auta ta jira ta ji zafi. Ita ta ce ya faɗi haka, ya kuma faɗa, an tafa wa maganar Inna ta ƙarshe a matsayin basirar wani. Babu abin da ya motsa a ƙirjinta. Abin da ta lura da shi kawai, kunnen Dogo na hagu ya yi ja lokacin da yake ƙaryar. Sai ta tsinci hannunta a cikin jaka yana laluben biro.

Ta zare hannun a hankali.

Bayan taro ya biyo ta har bakin titi, ya bar layin masu jiran sa hannu.

"Na yi yadda kika ce. Yanzu fa?"

Ta ciro ƙaramin littafinta na rubutu, mai baƙin bango, ta buɗe shafin ƙarshe da aka taɓa, ta miƙa masa. Rubutunta ne: Huɗu da minti goma. Wa ya bar famfo a buɗe? Leɓen Inna na ƙasa ya bushe.

"A banɗakin asibiti na rubuta," ta ce. "Ko rufe ta ba a yi ba. Uwata ce fa, Dogo. Na shiga don in yi kuka, sai na fito da wannan."

"Auta..."

"Bambancinmu ɗaya ne, kai ka buga." Ta karɓe littafinta. "Koma, suna jiranka. In Baba ya bi bayan Yaya, ba zan yi musu gardama ba. Kada ka kira ni."

Ta tarar da Baba a tsakar gida, a kan kujerarsa ta roba, littafin Dogo a cinyarsa. Shekara arba'in ya yi yana gyaran famfo kafin gwiwa ta zaunar da shi. Karatunsa bai wuce na lambar bututu ba.

"Jiya na ji ku ke da yayanki," ya ce. "Kun ɗauka na kurumce? Na aika an sayo min. Karanta min wurin."

"Baba, labari ne kawai..."

"Auta. Karanta."

Ta zauna a bakin baranda ta karanta, da muryar nan tata ta sanarwa. Tsohuwa a ƙasa, maƙwabciya ta riƙe mata kai, ta buɗe ido, ta yi tambayar. Auta ta rufe littafin.

A gefen ɗakin girki, famfon gidan yana ɗiga a cikin bokiti. Ɗis. Ɗis. Tun tana yarinya haka yake.

"Innarku ce ta faɗi wannan?"

"I, Baba."

"Ba addu'a take yi ba ke nan."

"Ta yi, kafin ka fita ma ka ji ta. Wannan ce dai ta ƙarshe. Yaya ya ga kamar... kamar ba ta dace a ce ita ce ta ƙarshe ba."

Baba ya kalli famfon. Ya daɗe yana kallo. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ta ɗauka tari ne. Ashe dariya ce, hawaye na bin gemunsa.

"Ni take wa faɗa!" Ya bugi gwiwarsa. "Ni! Shekara arba'in, kullum sai ta ce, 'Malam, ka gyara na duk gari, naka ya gagare ka?' In ce gobe. Ta san sarai ba wanda ya bar shi a buɗe, tsokana ce! Wayyo, matar nan... har a can ba ta ƙyale ni ba."

Ya share fuska da hannun riga, ya juyo. Dariyar ta tafi.

"Saƙona ne. Wata goma sha ɗaya kuna zaune a kansa, ke da yayanki. Kuka ba ni wanda kuka ga ya fi kyau. Sai baƙo ne ya adana min nawa."

"Ni ma na rubuta, Baba." Muryarta ta karye a tsakiya. "Na rubuta, na ɓoye..."

Nan abin ya zo. Ba da kyau ya zo ba, da ƙara ya zo, kamar bututun da ya daɗe a toshe. Ta kifa kai a gwiwarsa tana kiran Inna. Bai ce ta yi shiru ba. Ya dafa kanta da tafin hannunsa mai kaushi, ya bar ta har ta gaji.

"Tashi ki kira min dogon nan," ya ce. "Zan wanke shi tas, don bai nemi izini ba. In na gama, a sa rana. Yayanki kuma ki bar ni da shi."

Ta ɗago tana jan hanci. "In ɗauko maka sifana? Ka gyara famfon yau?"

"Kul! Kada wanda ya taɓa min shi."

Ya gyara zama, ya rungume littafin a ƙirji.

"Kuma ki gaya wa yaron, ranar da tawa ta zo, ya zo da bironsa. Ku ba a ba ku saƙo."