Bangon da Aka Shayar da Ruwa

Sufeto bai gama karin kumallo ba aka bugo masa waya: bango ya faɗo wa wani dattijo a gidan tsohon alƙali.

Gidan yana cikin tsofaffin gine-ginen da hukumar adana kayan tarihi ta yi wa rajista a yankin. Ga allon ƙarfe nan a bakin ƙofa yana shaida haka. Jikokin alƙalin suna zaune a ciki, amma ko ƙusa ba su isa su buga ba sai da izini.

Ko da Sufeto ya isa, an riga an zaro mamacin an lulluɓe shi. Tsohon magini ne, ƙanen uwar gidan, kowa Kawu yake ce masa.

"Tsautsayi ne, Yallaɓai," in ji Saje. "Ginin ƙasa ne, ya girmi kakana. Oga ma ya ce mu rubuta rahoto mu dawo."

Sufeto ya tsuguna, ya damƙi ƙasar gindin bangon. Ta dunƙule a hannunsa, da sanyinta.

"Yaushe rabon da a yi ruwan sama, Saje?"

"Ai an kwana biyu."

"To, wa yake shayar da wannan bangon? Ka ce wa Oga rahoto zai jira."

Ya sa aka kwashe itacen girkin da aka jibge ta bayan bangon. Sai ga ramuka a jere a gindinsa, kowanne hannun yaro zai shiga. Ba aikin ɓera ba ne. Ɓera ba ya jera layi.

Jami'in hukumar ya iso yana share gumi, yana rantsuwa cewa a watan jiya ya duba ginin lungu da saƙo, lafiya ƙalau.

"Ta bayan bangon ka duba ko ta ciki?"

"Duka biyun."

"Me aka ajiye a bayan?"

Jami'i ya kalli sama, ya kalli ƙasa. "Gaskiya... a zaure na tsaya. Ba na son shiga, Yallaɓai. Kullum maganarsu ɗaya, a bar su su rushe bangon nan. Ni kuwa doka ta ɗaure min hannu."

"Wa ya fi matsa maka?"

"Babban ɗan. Direban nan. Har kwalata ya taɓa ci."

Direban yana zaune a zaure ya haɗa kai da gwiwa. Bai musa ba.

"Na ci kwalarsa, kuma ban yi nadama ba. Amma ni ina kan hanya, yau da safe na sauka."

"Yaushe rabonka da magana da Kawu?"

"An fi wata."

Sufeto ya miƙa hannu, Saje ya ɗora masa wayar mamacin, gilashinta ya tsage amma tana aiki.

"Jiya da la'asar ya kira ka, kun daɗe kuna magana. Gaisuwa ce?"

Direba ya kau da kai.

"Me ya faɗa maka?"

"Na manta."

"Mutum ba ya manta maganar ƙarshe ta kawunsa. Zauna nan, kada ka motsa."

Saje ya matso ya yi ƙasa da murya. "Shi ne, Yallaɓai. Mu sa masa ankwa."

"Ƙarya yake yi, amma ba don kansa ba. Me kuma kuka samu a jikin mamacin?"

Saje ya zazzage wata leda. Ƙyallaye ne jiƙaƙƙu, duk laka, daga aljihun rigar Kawu aka ciro su. Sufeto ya baza su a tafin hannu. Ba tsummokara ba ne. Sabon yadi ne kala-kala, almakashi ya bi gefensu tsaf.

Ya nemi a kai shi wurin uwar gidan.

Ɗakinta yana ƙuryar wani siririn lungu, kuma bangon da ya faɗi shi ya raba lungun da tsakar gida. Ta inda sauran bangon yake tsaye, sai da Sufeto ya karkace kafin ya shige. Tsohuwa na kwance a gado, ɓarin jikinta ya shanye. A kusurwa ga keken guragu sabo fil, ko ledarsa ba a cire ba.

"Sannu, Inna. Allah ya ƙara sauƙi."

"Yauwa, ɗana. Wace ƙara na ji ɗazu? Na tambaya an ce min ba komai."

"Muna dubawa, Inna. Wannan keken fa, ba a hawa?"

"Ina zai bi? Lungun ya yi masa kaɗan. Tun da ciwon nan ya kwantar da ni ban ga tsakar gida ba. Auta ta yi kuka har ta gaji."

"Wace ce Auta?"

"'Yata. Ita ke juya ni, ita ke wanke ni. Da keken ɗinkinta muke ci."

Ya tarar da Auta a rumfa, zaune gaban keken ɗinki, ba ta ɗinka komai. A ƙarƙashin keken akwai kwandon ƙyallaye.

"Malama, wa ya jibge itace a bayan bango?"

"Mai kawo itace ne. Ni ban san komai ba."

Sufeto ya sunkuya. Ya ɗauko ƙyalle mai ɗigon shuɗi daga kwandon, ya ciro ɗan'uwansa daga ledar, ya haɗa bakinsu a kan keken. Suka zauna daram.

"A aljihun Kawu muka samu wannan. Yayanki na zaure, ya zaɓi ankwa da ya ambaci sunanki. Za ki bar shi ya ɗauki laifin?"

Ta kalli ƙyallayen. Da ta buɗe baki, muryarta ba ta rawa.

"Ni na haƙa. Na cusa ƙyallaye don su riƙe ruwa, kullum in na gama wanki sai in juye a wurin. Na ce in ya faɗi da kansa, babu mai cewa mun karya doka. Na hana kowa bin wajen."

"Kawu fa?"

"Jiya ya gano. Ya ce, 'Auta, kin yi wauta, amma ba mai ji daga bakina sai yayanki. Gobe zan zare su in toshe, kafin mutanen hukuma su gani.' Na roƙe shi kada ya je. Ya ce shi da ƙasa sun san juna." Sai a nan hawaye ya zubo. "Rana kawai nake so ta gani, Yallaɓai."

"Na ji ki, kuma yadda kika faɗa haka zan rubuta, har da izinin da aka hana ku. Amma rai ya salwanta. Tashi mu je."

Saje ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai.

A zaure Auta ta tsaya gaban yayanta.

"Yaya, maganinta na ƙarƙashin filo, fari da safe, ja da yamma. In za ka juya ta, ka tallabi kafaɗar hagu, tana mata ciwo. Kada ka ba ta ruwa tana kwance."

Direba ya gyaɗa kai, ya kasa ɗago ido.

Daga can ƙurya muryar tsohuwa ta taso. "Auta! Auta, kina ina?"

Auta ta goge fuska da gefen mayafi, ta gyara murya.

"Ga Yaya nan zuwa, Inna."

Ta wuce gaban Sufeto, ta buɗe ƙofar motar 'yan sanda da kanta.