Ɓarawo Mai Naɗe Waya

Bayan la'asar ranar Juma'a Hajiya Fulera ta shigo ofishin 'yan sanda na Salaga, riƙe da hannun wata matashiya kamar wadda ta kamo akuya a gonarta. Insifekta Alidu tun safe yake raba rigimar kan iyaka, sai yanzu ya samu zama da kwanon wake da shinkafa. Ya ture kwanon gefe.

"Insifekta, ga ɓarauniyar. Ka sa ta bayan kanta."

"Me ta sata, Hajiya?"

"Saba."

Hajiya Fulera ce shugabar ƙungiyar 'yan doya. Ƙungiyar tana da manhajar waya da 'yan kasuwa ke neman lori da ita, daga Salaga zuwa Yendi har Bawku. Manhajar tana zaune ne a cikin wani baƙin akwatin kwamfuta da ke ofishinsu, shi ne saba. Akwai ɗan'uwansa a ofishin Bawku. Na Salaga ya ɓace lokacin da maza ke masallaci, kuma ba a ɓalle ƙofa ba.

Matashiyar sunanta Faridatu, makullin ofis a hannunta yake. Alidu ya ce sai ya ga wurin tukuna. Hajiya ta ba shi zuwa Litinin. In bai kawo wani ba, za ta kai maganar gaba.

Ofishin ɗaki guda ne a bayan tashar lori. Kwamfutar cinya tana kan tebur, ba a taɓa ta ba. Batirin da ke riƙe wuta lokacin dumso, wato in an ɗauke lantarki, yana nan. A inda saba yake zama, wayoyi ne kawai suka rage, an naɗe kowace an ɗaure ta da roba, an jera su a gefe.

Alidu ya daɗe yana kallon wayoyin. Shekarunsa a aiki sun nuna masa ɓarayi kala-kala, bai taɓa gamuwa da wanda ya tsaya gyara ɗaki ba.

"Ke mene ne aikinki a nan?"

"Koyo nake, Massa. DevOps."

"Faɗa mini da Hausa."

"Kula da hanyar da manhaja ke bi daga hannun mai rubuta ta har ta kai wayar mutane, kada ta faɗi. In ta faɗi kuma, mu tashe ta da sauri."

"Wa ke koya miki?"

"Malam Zainudeen. Shi ya haɗa komai a nan. Ya tafi suna Yendi tun safe."

"Makulli fa?"

"Yana jakata." Idonta na kan ƙasa da ta faɗa.

Alidu bai matsa ba. Ya fito bakin tasha, inda direbobi ke lodi kamar kullum. Ya tambayi wani dattijo mai lori ko manhajar ta ba su wahala yau.

"Wace wahala? Ana idar da salla na samu kayan Bimbilla a waya."

Ya koma ciki yana jan ƙafa.

"Akwatin ya ɓace, amma aiki bai tsaya ba. Yaya haka?"

Faridatu ta buɗe kwamfutar ta ɗan duba, sai fuskarta ta canza. "An mayar da aikin kan saban Bawku kafin a kashe namu. Kuma an sa ƙararrawa barci. In saba ya mutu, wayata take kuka. Yau ba ta yi ba."

"Kin iya wannan mayarwar?"

"Na gwada sau ɗaya." Ta yi murmushin da bai kai ido ba. "Ranar kasuwa ce. Komai ya faɗi har azahar. Hajiya ta kusa cinye ni."

Washegari Zainudeen ya zo ofishin 'yan sanda da kansa, mutum mai sanyin magana, idanunsa ja kamar wanda bai yi barci ba.

"Yaran tasha ne, Insifekta. Su sayar da shi Tamale. Ka ƙyale yarinyar nan, ba ta san komai ba."

"Yaran tasha sun iya mayar da aiki Bawku?"

"Tsarin yana yin haka da kansa wani lokaci."

"Yana naɗe waya da kansa kuma?"

Zainudeen ya yi dariya gajera. "Wataƙila ɓarawon mai tsabta ne."

"Yaushe ka isa Yendi?"

"Da hantsi. Ka tambayi ƙanwata."

Da ya fita, Alidu ya sa aka kira Faridatu. Ya zuba mata ruwa a kofi, ya jingina da kujera.

"'Yata, na gaji. Ke ma kin gaji. Ina makullin yake kwana?"

Ta ajiye kofin. "Ƙarƙashin bulo, bayan randa. Don wanda ƙararrawa ta tasa ya shiga ba sai ya nemi wani ba. Na ji tsoron Hajiya ne."

"Wa ya nuna miki bulon?"

"Malam."

"Akwai wani aikin da kuka shirya yi da akwatin, da ba a yi satar ba?"

"Gwajin maidowa. Kullum saba yana ajiye kwafin bayananmu, don in wani abu ya lalace. A karatun da nake bi ta intanet sun ce kwafin da ba a taɓa gwada maido da shi ba, ba ajiya ba ne, fata ne kawai. Hajiya kuma tana neman bayanan lodin bara, an cire su daga manhaja. Na ce to mu jefi tsuntsu biyu, in maido su a gabanta."

"Malam ya yarda?"

"Yana ta ɗagawa. Yau wuta, gobe ciwon kai. Hajiya ce ta tsayar da Litinin."

"Kwafin yana ina?"

"Cikin akwatin da aka sace."

Alidu ya karɓi lambar ofishin Bawku. Wata mai suna Zakiya ce ta ɗauka, ana jin ƙarar babura a bayanta.

"Wani ya kira ki jiya daga Salaga?"

"Malam Zainu kawai, da safe. Ya ce wuta na tsaye? Na ce tana tsaye. Ya ce janareto na da mai? Na ce rabi. Ya ce in cika shi kafin salla."

"Ya saba tambayar haka?"

"Ai shi ba ya ɗora mana aiki sai ya tambaya. Ɗabi'arsa ke nan. Ko ruwan sama ne sai ya tambaya."

Alidu ya ajiye wayar. Ya so a ce ba sai ya bi hanyar Yendi ba, amma motar ofis na da mai, uzurin ya ƙare. Ramuka suka yi ta jijjiga masa ƙugu har ya isa.

A gidan sunan an riga an kwashe rumfa. Ƙanwar Zainudeen ta fara cewa yayanta ya zo da hantsi, sai surukarta ta leƙo daga kicin.

"Wane hantsi? An cinye rago, an wanke tukwane, sannan ya shigo gab da magariba da kwali a bayan babur."

Kwalin yana ɗakin baƙi. An ɗora shi kan kujera, nesa da taga, an naɗe akwatin da ke ciki da bargo don kada ramukan hanya su girgiza shi.

Ranar Lahadi da hantsi Alidu ya tara su a ofishin ƙungiya. Ya sa kurtu ya ajiye akwatin a kan tebur, kusa da wayoyin da aka naɗe.

"Faridatu, jona shi. Ki maido wa Hajiya bayanan bara."

Ta durƙusa ta fara kwance robobin.

"Ki bari," in ji Zainudeen. Muryarsa ta dusashe. "Babu komai a ciki."

Hajiya ta juyo. "Kamar yaya babu komai?"

"Tun waccan kakar na canza kalmar sirri, na manta ban gyara aikin kwafi ba. Kullum yana ajiye fanko, yana rubuta cewa ya gama. Ban taɓa buɗewa na duba ba. Sai da yarinyar nan ta kawo maganar gwaji na leƙa." Ya shafa fuskarsa. "Ni na ce miki ki cire na bara, suna nan a ajiye. Na kasa buɗe baki in ce miki sun tafi."

"Shi ne ka bar ni na ja 'yar mutane a titi?"

"Na ɗauka za a ce yaran tasha ne."

"Da ka fizge waya ka gudu, da ni ma haka zan ce," in ji Alidu. "Me ya kai ka kiran Bawku?"

Zainudeen ya dube shi kamar tambayar ba ta da ma'ana. "Juma'a ce, Insifekta. Lori cike da tasha. Ba zan bar aiki ya tsaya ba."

Hajiya Fulera ta zauna a kan benci, ta kasa kallon Faridatu. Can ta ce, "'Yata, ki yafe mini," ta gyara mayafinta.

Kurtu ya taɓa kafaɗar Zainudeen. Bai yi gardama ba. A bakin ƙofa ya tsaya ya waiwayo.

"Faridatu. Ƙararrawar. Har yanzu tana barci, ki tashe ta. Kuma kada ki dawo da aiki nan sai kin duba batir."

Aka wuce da shi ta cikin tasha, direbobi suna gaishe shi don ba su sani ba tukuna.

Faridatu ta zauna gaban kwamfutar ta danna abin da za ta danna. Nan take wayarta ta fara kuka a cikin jaka, kuka mai tsini da ya cika ɗakin. Ta ciro ta, ta miƙa wa Alidu ya karanta. Saƙon yana sanar da su cewa saban Salaga ya mutu.

"Mun ji," in ji Alidu. Ya ɗauki hularsa ya fita neman abinci.