Yaran Gidan Bidiyon Hudu

"Kowa ƙasa! Na ce ƙasa!"

Wasiu ya sa ƙafa ya daki ƙofar shagon, duk da a buɗe take. Baƙar safa ya ja a fuska, bindiga a hannu. Moro na bayansa da adda da buhu. A bakin titi Imurana na cikin taksin maigidansa, inji a kunne, gumi na tsiyaya a wuyansa.

Juma'a ce, maza sun tafi masallaci, Zongo Lane ta yi sako-sako. A shagon Hajiya Mulikatu mai gwal da atamfa, daga ita sai mata biyu masu ciniki. Matan suka zube ƙasa. Hajiya ba ta motsa ba. Ta karkata kai tana kallon mai bindigar.

"Kurma ce ke, tsohuwa?"

"Wannan murya," in ji ta. "Wasiu? Ɗan Sanatu mai koko? Kai da na goya ranar sunan ƙanwarka?"

Moro ya saki baki. Babu wannan a cikin shirinsu.

A Maamobi, unguwar da ke manne da Nima, aka ƙulla shirin, a bencin baya na gidan bidiyon Baba Hudu. Rumfar kwano ce, da talabijin ɗaya a kan durom, da janareto mai tari. Shekarar 1989, babu yaron Nima da bai san ƙofarta ba. Su ukun a nan suke wuni, don ba su da wurin zuwa. Wasiu ya bar koyon walda, Moro na dako a shataletalen Circle in ya samu, Imurana na jan taksi ranar da maigidansa ya ga dama.

Akwai wani fim na 'yan fashi da Wasiu ya kalla har ya haddace. Yadda jarumin ke tafiya, haka yake tafiya. Da ya samo tsohuwar bindiga wurin wani korarren soja, sai ya ja abokansa gefe.

"Cale, abokaina, kun ga yadda ake yi. A daki ƙofa, a yi harbi ɗaya sama, kowa ya kwanta. Ba a taɓa kowa. In mun rabu, mu haɗu nan bencin."

"Wancan fim ne fa," in ji Imurana.

"Fim daga ina aka samo shi? Ba daga duniya ba? Kai dai ka riƙe sitiyari."

Moro ya yi dariya ya ce shi dai in an samu, keken ɗinki zai saya wa yayarsa.

Yanzu ga Hajiya tsaye tana kiran sunan uwarsa.

"Rufe baki!"

"Cire wannan abin a fuskarka, ɗan nan. Ka ji kunya!"

Wasiu ya juya bindigar ya kwaɗa mata gindinta a fuska, yadda ya sha gani. Ya zaci za ta sulale ta yi shiru. Ba ta suma ba. Ta dafe ido, jini na bin yatsunta, ta kwarma ihun da ya tsaga layin.

"Ɓarayi! Jama'a, ɓarayi!"

Tau! Ya harba sama. Moro ya fasa gilashi ya kwashe sarƙoƙi cikin buhu. Suka fito da gudu.

A titi babu wanda ya kwanta. Mata masu talla, 'yan dako, mahauta da wuƙaƙe, kowa ya yo kansu. Ana ihun ɓarawo da Hausa, ana yi da yaren Ga, ana yi da Twi. Dutse ya tarwatsa gilashin bayan taksin.

"Ja! Ja mota!"

Moro ya faɗa kujerar baya. Motar ta fara tafiya. Wasiu ya yi tsalle ya afka ta taga, yatsansa na kan kunama — tau!

Moro ya dubi cinyarsa.

"Wasiu... ka harbe ni."

"Ba komai! Cinya ce! Ɗaure da riga, mutum na gudu da irin wannan."

Suka ɗaure da riga. Rigar ta jiƙe. Suka ƙara da safar fuska, ita ma ta jiƙe.

A shagon, Sajan Idrisu ya iso da kurata biyu, ana kama Hajiya za a kai ta asibiti. Haifaffen Nima ne, ya san rabin unguwar da suna. Ta riƙe hannun rigarsa.

"Idrisu, ɗan Sanatu ne. Ɗan Sanatu! Me na yi masa?"

Sajan ya yi tsaki mai tsawo. Motar ofis ba mai. Ya tare turoturo, bas ɗin haya, ya sauke fasinjoji, ya ce da direba, "Nima. Ka taka."

A Circle kuwa taksin ya maƙale a cunkoso. Masu sayar da ruwa na leƙe ta taga. Moro ya daina ihu, leɓensa ya yi fari.

"Sanyi nake ji," in ji shi.

"Asibiti za mu," in ji Imurana.

"Ka haukace? Asibiti da harbi? Koti za su kira, 'yan sanda!" Wasiu ya jawo buhun ya rungume. "Tsaya nan. Bari in samo bandeji a kemis. Yanzu zan dawo."

"Bar buhun mana."

Wasiu ya buɗe ƙofa ya kutsa cikin jama'a da buhun. Imurana ya bi shi da ido ta madubi. Wasiu ya wuce kemis ɗin ko waiwaye bai yi ba.

"Ɗan iska! Wasiu! Ɗan iska!"

Imurana ya hau kan dakalin titi da motar, yana danna oda, masu talla na watsewa. Kafin ya kai ƙofar asibiti Moro ya yi shiru. Ma'aikatan suka zo da gadon turawa, suka duba, suka girgiza kai. Ɗan sandan da ke bakin ƙofa bai ko tambaye shi ba, Imurana ya miƙa hannuwa biyu.

"Gidan bidiyon Hudu," in ji shi. "Bencin baya. Ku je ku ɗauke shi."

Saƙon ya samu Sajan ta rediyon hannu yana tsakar gidan Sanatu. Tana tsaye da ludayi, ta ji komai. Ta jefar da ludayin ta bi su ba takalmi.

La'asar ta yi, rumfar Hudu cike da yara. Daga waje ana jin harbe-harben fim. Sajan ya kama Hudu a bakin ƙofa.

"Kashe janareto."

"Masa Sajan, ana tsakiyar..."

"Kashe!"

Talabijin ya mutu. Kurata suka yaye labule, haske ya shigo. Wasiu ya miƙe a kan benci, buhu a kafaɗa, bindiga a hannu biyu.

"Wanda ya matso sai gawarsa!"

Yara na tsakaninsu, wasu ba su kai goma ba. Sajan ya tako a hankali.

"Ajiye, Wasiu. Moro ya mutu."

"Ƙarya ne! Cinya ce!"

"Ya mutu. Jininsa ya ƙare a mota."

Wasiu ya ja kunama — ƙas! Ya sake ja — ƙas! Tsohuwar bindigar ta cije. Sajan ya kwashe ƙafafunsa, ya danne shi ƙasa, ankwa ta shiga.

Sai yaran suka ɗau tafi. Har da fito.

Sajan ya ɗago, idonsa jajir. "Tafi kuke yi? Mutum ya mutu, kuna tafi? Ku fita! Ku fice min!"

A waje unguwa ta taru. Sanatu ta cakumi wuyan rigar Hudu.

"Sau nawa na zo nan? Sau nawa na ce ka daina barin shi ya shiga? Ka ce kai tikiti kake sayarwa! To ga abin da ka sayar!"

"Mma Sanatu, ki ji tsoron Allah! Yara ɗari nawa ke kallo a nan? Wasu sun zama teloli, wasu malamai. Uku suka ɗau makami. Ni na ba shi bindiga?"

"Kai ka koya masa riƙe ta!"

"Ranar da sojoji suka kwantar da ke a kasuwa suna bulala, yana tsaye yana kallo, yaro ƙarami. Ni na kunna masa wannan?"

Sanatu ta sake shi kamar ta taɓa wuta. Wani ya ɗaga tabarya ya sauke a kan talabijin. Aka farfasa bencina, aka zuba kasusuwan bidiyo a babbar gota ta ruwan ƙazanta. Sajan na ihu a bari, ba mai jin sa.

Hajiya Mulikatu ta rasa idon hagu, ta rufe shago. Aka binne Moro washegari, yayarsa ta hana 'yan bencin baya taɓa makararsa. Imurana ya sha ɗauri mai tsawo. Wasiu kotu ta ce a harbe shi. Hudu ya koma sayar da gawayi, kuma wata bai ƙare ba wani ya buɗe sabuwar rumfa a layin gaba, talabijin ɗinsa ya fi girma.

Sau ɗaya aka bar Sanatu ta ga Wasiu a kurkuku. Ya rame, an aske masa kai. Ta daɗe tana kallonsa ta tsakanin ƙarafa.

"Wasiu, ba na barci. Kowa da abin da yake gaya mini. Liman ya ce fim ne, Hudu ya ce ba shi ba ne. Kai nake tambaya. Me ya sa ka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ban sani ba, Mma. Wallahi ban sani ba. In na ce fim ne, za ki samu barci?"

Ta goge fuska da bakin zani.

"A'a," in ji ta.

Gandiroba ya buga ƙarfe, ya ce lokaci ya yi.