Hannun Madam Nafisa

"Ka mayar wa Inna da kayanta, Ila. Na fasa."

Ila ya ɗauke ƙafarsa daga keken ɗinki, ya dubi ƙullin kayan sa-rana da ta dire masa a kan tebur, sannan ya ɗago ya dube ta. A waje kasuwar Tanout tana ci, masu raƙuma da masu amalanke sai ƙure wa juna hanya suke.

"Kin fasa me?"

"Auren."

"Tun daga Ollelewa kika shigo mota cikin wannan rana don ki gaya mini haka? Ke da aka ce kada ki bari rana ta taɓa ki?"

"Na zo ne ka gani da idonka!"

Ta yaye mayafi daga kafaɗarta ta dama. Hannun ya kusa ninka ɗan'uwansa, tun daga damtse har yatsu. Fatar ta miƙe tana sheƙi, wuyan hannun ya ɓace gaba ɗaya.

Nafisa zabiya ce, ita kaɗai a zuriyar Malam Yakubu manomin gero. Da hula mai faɗi da riga mai dogon hannu ta girma, ta yi karatu har ta zama malamar lakwal, wato makarantar boko, a garinsu, yara na kiranta Madam. Wata bakwai da suka wuce wani ƙurji a kafaɗarta ya ƙi warkewa. A Damagaram aka ce dajin fata ne. Aka yi mata aiki, aka cire shi, aka cire kaluluwar hammatarta don kada ya yaɗu.

Sai ruwa ya fara taruwa a ƙarƙashin ɗinkin. Aka zuƙe da sirinji, ya dawo. Aka sake zuƙewa, ya sake dawowa, har sau biyar. Da wurin ya lafa, sai kumburin ya gangara hannu ya zauna. Lokotoron da ya yi mata aikin bai ɓoye mata ba: hanyoyin da ruwan jiki ke bi an yanke su, ana iya rage shi, amma ba ya tafiya kwata-kwata.

"Na ji abin da Inna ta faɗa a gidan suna," in ji Nafisa. "Ta ce ba za ta zuba ido ɗanta tilo ya auro jinya ba."

Ila ya sunkuyar da kai. Gaskiya ne, ta faɗa.

"Uwata ce, Nafi... ba zan iya ɗaga mata murya ba. Ke kuma wallahi ba zan iya barinki ba. Ki ba ni lokaci, farin cikina."

"Lokacin me? Hannun ba zai saɓe ba. Ni na sauƙaƙa maka."

Idonsa ya sauka a kan rigarta. An tsaga hannun rigar tun daga kafaɗa, zare na reto.

"Wa ya yi wa ɗinkina wannan aika-aika?"

"Ni. Da reza. Duk sun daina shiga."

Ya miƙo mata igiyar awo. "Auna damtsen ki gaya mini."

"Talatin da tara! Kullum safiya ina aunawa, ba sai ka ba ni igiya ba!"

Ta ja mayafinta ta fice, hawaye na bin ƙasan baƙin tabaraunta.

Sati biyu ta yi ba ta ɗaga wayarsa ba. A aji alli ya riƙa suɓuce mata, yatsun sun yi nauyi kamar ba nata ba. Ranar da ya faɗi sau uku a jere, ta zauna a bakin tebur ta kalli hannun, ta ce a ranta: ka raba ni da miji, amma ba za ka raba ni da allo ba.

Ta koma Damagaram wurin Madam Fatima, ma'aikaciyar tausa da motsa jiki, wadda a likita, wato asibiti, suke kira kine. Matar ba ta da sassauci.

"Kuka ba ya fitar da ruwa, ƙanwata. Ɗaga hannun! Shafa a hankali, daga ƙasa zuwa sama, kamar kina lallashin jariri. Bandejin nan ya fi matsewa a yatsu, ya sassauta yana hawa. Sake! Kuma ki kiyayi rauni, ko ƙwarzane ne. Hannun nan ba ya iya faɗa da ƙwayar cuta kamar da."

Kwana goma ta yi tana koyo. Ta dawo gida da bandeji huɗu da wata rayuwa sabuwa. Da asuba bayan salla ta yi tausa, ta shafa man kaɗe, babanta ya taya ta naɗi, don mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, ƙannenta mata kuma duk suna gidajen mazajensu. Zafin Damergou kuwa bai san an yi wa mutum aiki ba. Gumi ya jiƙa bandejin, ƙaiƙayi ya taso kamar ta yage fatar. Wata rana awo ya sauka zuwa talatin da shida ta yi ta murna, kashegari ya koma talatin da takwas ta ƙi cin abinci.

Ana cikin haka direban motar Tanout ya kawo mata leda. Riguna uku ne. Ila ya buɗa hannayen duka biyu, ya yi musu faɗi da tattara mai kyau, yadda ba mai gane wanne ne ya kumbura. A ciki ya sa maɓallai, ta iya buɗewa ta gyara bandeji ba tare da ta tuɓe ba.

Saƙon murya ya biyo baya: "Ba amsa nake nema ba, Madam. Kawai na ƙi jinin a ce telanki ya mutu alhali ina raye."

Ta yi dariya har da hawaye, amma ba ta amsa ba.

Kafin wata ya ƙare matan Ollelewa sun fara aika yadi Tanout, wai a yi musu irin ɗinkin Madam.

Da kaka ta zo, ranar Alhamis da yamma ta kai wa babanta fura a gona. A hanya ƙarangiya ta kama bakin mayafinta, ta sa hannu ta cire, ƙaya ɗaya ta soke ta a ɗan yatsan hannun dama. Ko jini bai fito ba. Kwana biyu tsakani hannun ya yi ja wur, ya ɗau zafi kamar garwashi, jikinta na kakkarwa. Malam Yakubu ya bar damman gero a gona ya kai ta likitar Tanout. Aka ba ta gado, aka sa mata ƙarin ruwa da allurai.

Sai a rana ta biyar zazzaɓin ya sauka, jan ya dushe, aka ce a ci gaba da naɗi. Da hantsi babanta na fama da bandeji, sai ga sallama. Ila ne, a bayansa kuma Inna Rakiya, riƙe da kwanon kunu.

Nafisa ta jawo mayafinta. Ta yunƙura za ta rufe hannun.

"Kwanta abinki," in ji Inna, fuska ba walwala. "Duba marar lafiya hakki ne, shi ya kawo ni. Malam, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Inna ta tsaya tana kallon naɗin. Ta kau da kai, ta sake dubawa. Ta kasa haƙuri.

"Malam, wannan hannun mutum kake naɗewa ko damin gero kake ɗaurewa?"

Malam Yakubu ya yi murmushin kunya. "Iyakar iyawata ke nan."

"Ku ba mu wuri. Kai ma fita," ta ce da ɗanta, wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Ta zauna a bakin gado, ta warware bandejin, ta ɗora hannun a cinyarta. Yatsunta masu kaushi ne, amma taɓin nata da taushi.

"Gaya mini yadda aka koya miki, 'yar nan."

"A fara daga yatsu, Inna... ya fi matsewa a ƙasa."

Inna ta shiga naɗi, layi kan layi, ba tattara ko ɗaya. Ko Madam Fatima sai haka.

"A ina kika iya, Inna?"

Inna ta ci gaba da naɗi.

"Shekara shida na yi jinyar uban yaron nan. Ni ke juya shi, ni ke wanke masa gyambo. Ina da shekara talatin na rufe masa ido." Ta ɗago, idanunta sun kaɗa. "Ba ƙinki nake ba. Tun kina zuwa kawo ɗinki nake ganin hankalinki. Tsoro nake ji... kada ya sha abin da na sha. Ki gaya mini tsakaninki da Allah: mutuwa za ki yi ki bar mini shi?"

Nafisa ta dube ta ido cikin ido.

"Rai na Allah ne, Inna. Amma sau biyu ana duba ni, ba a ga dajin ba, kuma duk wata shida zan koma. Hannun ne ba zai koma kamar da ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Kullum sai na yi tausa, kullum sai na naɗe, har ƙarshen rayuwata. Amma da shi nake rubutu a allo. Yara hamsin da biyu nake karantarwa. Ni ba kwance nake ba, Inna!"

"Kuma da kika mayar da kayan?"

"Don kada ya saɓa miki ne. Ni na san zafin rashin uwa."

Inna ta soke ƙarshen bandejin, ta riƙe hannun da hannayenta biyu, ba ta saki ba. Hawaye ya ɗigo a kan farin ƙyallen.

"To ai kin samu," ta ce a hankali. Sai ta ɗaga murya: "Kai! Na san kana laɓe a bakin ƙofa. Shigo!"

Ila ya shigo yana sosa ƙeya.

"Gobe ka je wurin baffanka Haruna, a mayar da kayan nan inda suka fito. Kuma idan na ji ka bar ta ta je gona ba safar hannu, ni da kai ne."

"Inna..." Ya durƙusa a gabanta. Ya juyo ga Nafisa. "Saura ke, sanyin idona. Har yanzu kin fasa?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ka tambayi Inna."

Bayan an gama shigar da gero rumbu aka ɗaura aure. Aka yi wa amarya lalle a hannun hagu da ƙafafu, na dama kuwa farin bandeji ne sabo fil, cikin rigar da ango ya ɓata sati uku yana ɗinkawa.

Ranar buɗar kai tsakar gidan Inna ya cika da mata. Ana dakan fura a babban turmi, sai wata gwaggon ango ta ce, ba ta ko rage murya ba:

"Amarya dai kyakkyawa, masha Allah. Sai dai Rakiya, daka kam har tsufa naki ne."

Inna ta buɗe baki, amma Nafisa ta riga ta miƙewa. Ta gyara hularta, ta tako tsakiyar fili.

"Gwaggo, a ara mini taɓarya."

"'Yar nan, hannunki!" in ji Inna.

"An ce in riƙa motsa shi, Inna, kada dai in wuce ƙima. Zo ki kama mini."

Inna ta ɗaura gyale a ƙugu, ta karɓi taɓarya ta biyu. Nafisa ta saka, Inna ta saka. Ta saka, ta saka. Turmi ya ɗau amo, 'yan mata suka kama tafi. A bugu na goma Nafisa ta cilla taɓaryar sama, ta tafa hannu, ta cafe ta da hannun dama!

Guɗa ta tashi har makwabta suka leƙo ta katanga. Daga zaure Ila ya manta da kunyar angonci, ya faɗo cikin mata yana ihu: "Matata ce! Wallahi matata ce!"

Inna ta karɓe taɓaryar daga hannun amarya tana haki, tana dariya, ta juya ga gwaggo.

"Ya isa haka, 'yata ta gama nata. Ga taɓarya, Yaya. Ƙarasa mana, mu ga naki hannun mai lafiya."