Ramin Gareji

"Ina ramin?"

Muryarsa ta fito a sanyaye.

Yana tsaye a tsakiyar sabon garejin da ya gina jikin gidan da za mu tare, yana shafa ƙasa da tafin ƙafarsa. Siminti ne sumul, ko gama bushewa bai yi ba.

"Na sa birkila ya cike shi," na ce. "Masoyi, don kai na yi..."

"Don ni?"

"Idonka kullum ƙara raguwa yake. Ina tsoron ka faɗa."

Ya yi wata dariya mara daɗin ji. Bakanike ne tun yana yaro, kowa Injiniya yake ce masa. Da hannunsa ya haƙa ramin nan da ake shiga a duba cikin mota, tun kafin a ɗora rufi, tun kafin likita ya ce jijiyar idonsa tana mutuwa kuma ba ta dawowa.

"Ramin da na haƙa da kaina? Ko a mafarki na san bakinsa! A ƙarƙashin mota da hannu ake gani, Amaryata. Shi kaɗai ne wurin da nake daidai da mai ido, shi kika rufe."

"Wallahi ban yi nufin..."

"Wa ya ba ki shawarar?"

Na kawar da kai. Mai Sifana ne, mai shagon kayan aiki na bakin titi, wanda ya daɗe yana aiko min da gaisuwa ina yi kamar ban ji ba. Na je shagonsa ne in duba kayan da za mu fara da su: sifanu, filaya, sukundireba, jak. Ya zube su gabana yana girgiza kai, wai tausayi. "Ki rufe ramin nan tun bai kashe miki shi ba," in ji shi. Ni kuma sakarya na ɗauka.

Ashe Mai Sifana gidanmu ya wuce ya kai wa Baba labari.

Ina shiga da yamma na tarar Baba yana jirana, fuska a ɗaure.

"Makaho za ki aura, kuma kika ɓoye min?"

"Baba, yana aiki..."

"A ina? Ke da kanki kika rufe masa wurin aikin, saboda kin san ya gama. Na janye maganar auren nan!"

Mama sai share hawaye take da gefen mayafi.

Injiniya ya daina ɗaga wayata. Na je gidansu, mahaifiyarsa ta ce min ya kwanta, alhali ina jin tarinsa a ɗaki. Na yi kuka har na gaji da kaina, sannan na tashi na tafi kasuwa. Shagon Mai Sifana na wuce ko kallonsa ban yi ba, yana ta ƙwala min kira.

Wani tsoho na samu a can ciki.

"'Yata, me za a ba ki? Sifana?"

"Diga da shebur, Baba. Da babbar guduma."

Ya kalli hannuwana ya kalle ni. "Gini za ki yi ko faɗa?"

"Gyara zan yi."

Su ne kayan aiki na farko da suka shiga garejinmu. Allon da Injiniya ya kafa a bango yana nan da ƙusoshinsa a jere, babu ko sifana ɗaya a rataye, domin ya ce tare za mu zaɓa.

Kullum da safe nakan ce zan je wurin ƙawata. In kulle ƙofar gareji, in ɗaure zani, in hau dukan siminti. Tafina ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Duk da haka daɗi nake ji, har waƙa nake yi. Ban faɗa wa kowa ba. So nake in kamo hannunsa in kawo shi bakin ramin, in ga fuskarsa lokacin da ƙafarsa ta ji babu ƙasa.

Ranar da na kai ƙarshe gajiya ta ci ƙarfina. Na bar digar da tarin fasassun siminti a ciki, na ce gobe na kwashe.

Washegari da sassafe na yi kwalliya na nufi gidansu.

Mahaifiyarsa ta tarbe ni da murmushi, karo na farko tun rikicin.

"Ai kun yi saɓani, 'yata. Ya fita tun ɗazu. Ya ce ya yi fushin ya ishe shi, ya gane tsoro ne ya sa ki, ba raini ba."

"Ina ya tafi, Umma?"

"Garejin mana. Wai zai rataye miki wani abu a allo, sannan ya kira ki."

"Shi kaɗai?"

"Na ce a raka shi ya ƙi. Ya ce tunda kin shafe wurin, ko gudu ya ga dama zai yi a ciki."

Ban san lokacin da na yar da takalmana na ruga garejin ba.

Ƙofar a buɗe take, makullinsa na lilo a jiki.

"Injiniya!"

Na kutsa ciki.

"Masoyi... don Allah ka amsa..."

Yana kwance a ƙasan ramin, kansa a kan simintin da na fasa, sandarsa tana jingine a bakin ƙofa, inda ya ga ba ya buƙatarta. Na dira ciki na rungume shi ina jijjigawa, ina faɗa masa na buɗe, ga shi nan na buɗe masa. Jikinsa da sauran ɗumi, amma babu numfashi.

Sau biyu na yanke masa hukunci ban tambaye shi ba, kuma duka biyun don so na yi.

A hannunsa akwai leda. Da maƙwabta suka fito da shi, wani ya miƙo min. Sifana ce 'yar ƙarama, sabuwa fil, daidai tafin hannuna.

Baba ya zo ya kama kafaɗata. "Taso mu tafi gida, uwata."

"Ina zuwa, Baba."

Na je jikin allon na rataye sifanar a ƙusa ta farko.